Fatar Kalangu da Gorar Yashi

Aikina kankare fata. Ba jima ba, ba dukanci ba. Fatar ɗan akuya nake karɓa wajen mahauta, in jiƙa ta da toka, in cire gashin, in yi ta bin ta da aska har sai ta koma tantani, irin wanda idan ka ɗaga shi a rana za ka ga inuwar hannunka ta bayansa. Shi ake ɗaura wa kalangu. Wajen mahaifina na koya, a ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir, inda gona ke manne da gona, gida manne da gida.

Ba mu da ma'auni a wannan aiki. Babban yatsa shi ne ma'auni. Ka ɗame fatar a gwiwa, ka danna, ka ji yadda take turo ka. Idan ta yi kauri, kalangu ba zai yi magana ba. Idan aska ta ci ta da yawa, bugu kaɗan za ta fashe. Abin da ke tsakanin biyun ba shi da yawa, kuma ido ba ya ganin sa.

Kuturta ta kama ni ina da ƙarfina. Da fari tabo ne a gadon baya, muka ce kyasbi ne. Sai wata rana na ɗauke murfin tukunya daga kan wuta, ban san ya ƙone ni ba sai da na ji ƙauri. Aka kai ni asibiti. Na sha ƙwayoyi wata da watanni, daga ƙarshe likita ya ce cutar ta mutu, ba zan shafa wa kowa ba. Yatsuna suna nan duka, ba wanda ya gundule. Amma ba sa ji.

Likita ni ya faɗa wa, bai zo ƙauyenmu ya faɗa wa mutane ba. Matata ta koma gidansu da yarinyarmu, ban bi ta ba. Ƙanena ya kafa danga ya raba gidan biyu. A masallaci ba wanda ya kore ni, sai dai a sahu akan bar mini fili hagu da dama. Mai shayi ya ware mini kofi, ya ɗaura masa zare a mariƙi. Na daina zuwa. Ban yi wa kowa ƙorafi ba. Gonata nake zuwa, in dawo, in dafa abin da zan ci, in ji muryoyin mutane ta bayan danga.

Mutum ɗaya ne bai sauya ba. Makaɗin mahautan Zakirai ne, dattijo, abokin mahaifina tun suna samari. A hannunmu yake ɗaura kalangu tun ban iya riƙe aska ba. A kan keke yake zuwa, kalangun rataye a kafaɗa. Ina kiran sa Baba, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba.

Ranar da ya fara zuwa bayan na dawo daga asibiti, ina zaune a gindin darbejiya da kwanon tuwo a gabana. Ya jingine keken ya ce, "Wanzamin awaki! An ce ka mutu."

Na ce, "Ban mutu ba, Baba."

"Gara haka. Ban shirya zuwa ta'aziyya ba, tayar keken nan ta gaji. Me aka dafa?"

"Tuwon dawa. Ni na tuƙa."

Ya ɗauki buta ya wanke hannu, ya zauna a kan tabarmata. Na janye kwanon, na ce bari in ɗauko masa wani a ɗaki. Ya kama bakin kwanon ya jawo shi.

"Ashe rowa ce ta kama ka, mutane suke cewa kuturta."

Ya sa hannu. Ya ci, ya ce tuwon duk gudaji ne, ko jakinsa da ya mutu ba zai ci ba, ya kuma cinye ɓangarensa har ya shigo nawa. Rabon da hannun wani ya shiga kwanona tun kafin asibiti.

Na ɗaura masa fata a ranar. Kankara na iya, domin hannu bai manta hanyar aska ba. Dannawar ce babu. Na ɗame fatar a gwiwa, na sa yatsa, kamar na danna iska. Na yi da ka, na ce ta yi.

Ba ta kai kasuwa biyu ba ta fashe. Ya dawo, na ɗaura wata, ita ma ta fashe. Haka muka yi ta yi. Bai yi faɗa ba. Yakan zo ya jefa mini kalangun ya ce, "Ga gawa na kawo maka," ya zauna ya ci abin da ya samu, ya ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya tsere wa matarsa. Gaskiya ban ƙi fashewar ba a lokacin. Ranar da na ji ƙarar sarƙar kekensa a lungu, ranar ce nake buɗe baki in yi magana.

Sai aka yi bikin ɗan wani babban mahauci. An tara jama'a, an shigo fili, Baba ya matse kalangu a hammata ya fara, fatar ta tsage a gaban kowa. Wani yaro da ya zo da lasifika ya kunna waƙa daga waya, aka ci gaba da rawa, shi kuma ya tsaya a gefe da kangon itace a hannu.

Washegari ya zo. Bai kira ni wanzamin awaki ba. Bai zauna ba.

Ya ce, "Ɗana, ka san ba na ɓoye maka magana. Akwai wani a Ungogo, leda yake ɗaurawa. Ba ta da daɗin ji, amma ba ta kunyata mutum. Ka ƙara gwadawa sau ɗaya. In ta fashe, can zan koma."

Na ce, "To."

Ungogo ba ta kan hanyarmu. Na san abin da komawarsa can yake nufi.

Na yi kwanaki ina duban hannuna. Na gwada da leɓe, domin leɓena yana ji. Yana gane santsi da kaushi, amma ba ya gane ƙarfi. Na gwada da gwiwar hannu, ta huda fatar. Na gwada ƙwanƙwasawa in saurara, to ni ba makaɗi ba ne.

A fadamar bayan gari na samu dabara. Yanzu kowa inji yake jan ruwa da shi, amma akwai wani tsohon jigo da aka bari a tsaye, doguwar sanda a kan gwafa, ɓangare ɗaya guga, ɗaya ɓangaren curin laka. Na tsaya ina kallon sa. Na ce a raina, sanda ba ta da yatsa, amma ta san abin da ya fi wani nauyi.

Na dawo gida na haɗa nawa ƙarami. Na samu gwangwanin madara, na yanke kansa. Na yanko ƙyallen fata daga gefen wadda nake aiki, na jiƙa, na ɗame a bakin gwangwanin, na ɗaure da robar tayar keke, na bar shi ya bushe tare da uwar fatar. Na huda katangar ɗakina daga ƙasa, na cusa kan wata miƙaƙƙiyar sanda a ramin yadda za ta iya hawa da sauka. A tsakiyarta na ɗaure guntun tsohuwar sandar kiɗa, mulmulallen kan yana kallon ƙasa, yana zaune a kan fatar gwangwanin. A wutsiyar sandar na rataye gorar roba, irin ta ruwan sha da ake gani ta ciki. Sai in riƙa zuba yashi a gorar a hankali. Nauyi yana ƙaruwa, kan sandar yana danna fata, har ta ce fus. Inda yashi ya tsaya a jikin gora, in zana da wuƙa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Fata ɗaya takan ba ni amsa biyu. Na daɗe kafin in gane cewa ta wajen ciki ta fi ta gadon baya rauni, na koma yanko ƙyalle daga wuri biyu. Na kuma gane cewa da sassafe, idan da laima, takan yi laushi ta jure, da rana tsaka kuma ta bushe ta fashe da wuri. Sai na tsayar da lokaci ɗaya, idan inuwar darbejiya ta taɓa gindin katanga. Yashin ma na tankaɗe shi, na ajiye shi a tukunya da murfi, shi kaɗai nake maimaitawa.

Matar ƙanena ta leƙo ta saman danga ta ga ina zuba yashi a gora. Na ji tana ce wa mijinta ciwon ya hau kai.

Na zaɓi fatar da ta ɗauki yashi har kusan wuyan gora ba ta fashe ba. Na ɗaura. Baba ya zo, ya juya kalangun, ya matse, ya buga. Ya sake bugawa. Ya ɗaga kai ya dube ni.

"Wannan ai takalmi ka ɗaura mini."

"Ba za ta fashe ba."

"Turmi ma ba ya fashewa. Ka taɓa ganin an yi rawa da shi? Matsa ka ji. Na matse, na saki, murya ɗaya. Kurma ka ba ni."

Na ɗauka shi ke nan, zai hau keke. Sai idonsa ya kai kan sandar da ke jikin katanga.

"Mene ne wancan? Tarkon gafiya?"

Na nuna masa. Na ɗora wani gwangwani, na zuba yashi. Ya tsuguna yana kallo, fuska dab da fatar. Da ta fashe ya zabura har hularsa ta faɗi. Ya yi dariya har da tari.

"Sake!"

Na sake. A karo na biyu bai kalli gorar ba, wutsiyar sandar ya zuba wa ido.

Ya ce, "Kai yashi kake kallo. Dubi nan. Waccan ta fari, sandar ta yi ƙasa sosai kafin ta fashe. Wannan ko motsi ba ta yi ba, ta tsaya ƙiƙam sai da ta mutu. Mai miƙewa ita ce mai magana. Idan na matse tsarkiya, miƙewa nake nema."

Tsarkiya ita ce igiyoyin fata da suka haɗa bakin kalangu biyu, su ake matsewa murya ta hau. Na san wannan tun ina yaro. Ban dai taɓa haɗa shi da sandata ba, domin a da yatsa ne yake faɗa mini duka biyun a lokaci ɗaya, ban taɓa raba su ba.

Da ya dawo, ya zo da wata tsohuwar fata a aljihu, naɗe a tsumma. Ni na kankare ta kafin ciwo. Ya ce ta yi masa shekara da wani abu, kuma bai taɓa riƙe mai murya irin tata ba, shi ya sa da ta tsage bai yar ba. Muka yanki inda yake da lafiya, muka jiƙa, muka ɗame, muka jira ta bushe. Na kafa kara a ƙasa kusa da wutsiyar sanda. Shi ya zuba yashin da hannunsa. Da ta fashe, na zana gora, shi kuma ya zana karan da gawayi daidai inda sandar ta sauka. Muka samu zane biyu. Ɗaya na abin da fata za ta ɗauka, ɗaya na yadda za ta miƙe.

Daga nan aiki ya koma neman fatar da za ta cika duka biyun. Wata ta kai zanen gora ta kasa na kara. Wata ta wuce na kara tun yashi bai kai rabi ba, ta fashe. Sai in koma kan uwar fatar in ƙara aska kaɗan, ko in ajiye ta in ɗauki wata. Baba ya ari kalangun wani yana maneji da shi, amma kusan duk bayan kasuwa sai ya zo. Ya ce shi ne mai zuba yashi, wai hannuna yana da gaggawa. Kafin ya zuba sai ya yi wa fatar kirari, ko ya zage ta.

"Wannan ragguwa ce, daga ganin ta. Uwarta ma a bola ta yi kiwo."

"Zuba dai, Baba."

"In ta kai zane, ka ba ni kan tuwo. In ba ta kai ba, ka ba ni kan tuwo."

Wani lokaci har la'asar muna tsugune a gindin katanga, mutum biyu da furfura, muna jiran gwangwani ya ce fus. A duk shekarun da na yi bayan ciwo, ban yi kwanaki irin waɗannan ba.

Muka samu. Fatar wani ɗan akuya ja ce. Ƙyallen ciki ya kai zane biyu, na baya ma ya kai. Na gane adadin askar da ya kai ni nan, na maimaita a wata fatar, ita ma ta kusa. Ta kai zanen kara, amma ta fashe yashi bai ƙarasa zanen gora ba, saura kamar faɗin yatsa.

Baba ya ce zai kawo kangonsa jibi a ɗaura. Da ya tafi, na rataye fatun biyu a igiya, na zauna ina kallon su. A nan lissafin ya zo mini, wanda ya kamata ya zo tun farko. Mutumin nan fashewar fata ce take kawo shi. Ya tsufa, hanya da nisa, gwiwarsa tana ciwo. Idan na ba shi fatar ɗan akuya ja, zai yi shekara bai nemi wanzamin awaki ba. Idan na ba shi ɗayar, murya iri ɗaya ce, ido ba zai raba su ba, kunnensa ma ba zai raba ba. Za ta yi masa wata biyu ko uku ta tsage, ya ce ai ta yi ƙoƙari, ya dawo mu zuba yashi.

Ni kaɗai na san bambancin. Na kwana biyu da shi.

Amma ban san inda za ta tsage ba. Fata ba ta zaɓar ranar da babu mutane.

Da ya zo, na sauko da ja. Na ɗaura baki biyu, na ja tsarkiya, muka bar ta ta sha iska. Ya rataya, ya matse, ya buga. Ya saki, ya buga. Kalangun ya hau ya sauka kamar mutum yana gaisuwa. Kajin ƙanena suka watse. Ta bayan danga na ji yara sun yi tsit.

Ya ce, "Kai. Ɗan banza."

Ya buga ya daɗe, idonsa a rufe. Sannan ya hau keke ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba, yana sauri ya kai wa mahauta.

Kasuwa ta ci, ta sake ci. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. Ban ji sarƙar keke a lungu ba. Na ci gaba da gwada fatu, domin wasu makaɗa biyu sun ji labari suna aiko da kango ta hannun ɗan acaɓa. Ɗan acaɓan kuma a bakin ƙofa yake ajiyewa ya danna ham. Ni nake zuba yashin, ni nake duba kara. Idan ta fashe ba mai zabura.

Da gero ya fara fitar da kai, na shiga mota zuwa Zakirai ranar kasuwa. Tun daga bakin tasha na jiyo shi. Na san fatata. Na bi muryar har layin mahauta, na tsaya daga nesa, wajen masu gishiri. Yana bin rumfa-rumfa, yana yi wa kowane mahauci takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi, su kuma suna ɗaga wuƙa suna miƙa masa abin da ya samu. Ya rame kaɗan. Yana jan ƙafa.

Ya juyo ya gan ni. Bai ɗaga hannu ba. Sai ya sauya kiɗa. Taken mahaifina ne, wanda yakan buga masa idan an gama ɗauri. Ban sake jin sa ba tun da muka binne shi. Mahauta suka dubi juna.

Wani ya ce, "Na wane ne wannan, Baba?"

"Ba naka ba ne. Yanka namanka."

Ya ƙarasa shi har ƙarshe, sannan ya tako inda nake.

"Wanzamin awaki. Me ya kawo ka?"

"Gishiri."

"Minjibir gishirinsu ya ƙare?"

Ya ɗaga kalangun ya nuna mini bakin. Tsakiyar ta yi duhu saboda bugu, amma ko tsaga babu.

"Ta ƙi mutuwa. Kullum sai na duba."

"Na ji ta tun daga tasha."

"Gwiwar nan ce. Kuma jikana ya karɓe keken yana zuwa makaranta." Ya dubi ƙasa. "Bayan kaka zan zo. Ka tanadi gudajinka."

Aka kira shi daga wata rumfa, ya tafi. Na sayi gishirin, na shiga mota.

Kaka ta wuce bai zo ba. Rani ma ya wuce. Sai da damina ta sake zagayowa ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofata, da kalangu a tsage. Ya zauna har la'asar. Ya nemi gorar ya zuba yashi sau ɗaya, rabi ya zube a ƙasa. Na riga na gwada wata fata na ajiye masa tun da daɗewa. Ta wuce zanen gora, ta kai na kara. Ta fi ta ɗan akuya ja ƙarfi, na kuwa san haka kafin in ɗaura masa ita.